Iskar da ba ta da wari, da yadda ƙasashe suka koyi gwada mudunsu da na juna

Ɗari ya kama, kuma mun san abin da ke biyo baya. Daga Tawa har Damagaram za a fara shiga ɗaki da kaskon garwashi, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma don yara su yi barci. Wani kuma in kuran ya ɗauke sai ya jawo gurup ɗinsa cikin zaure saboda tsoron ɓarayi. Da safe a tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce masassara ce, wasu su ce iskokai ne. Wani gidan kuma ba a tashi ba sam, sai maƙwabta su ɓalle ƙofa. Ba mu da wanda bai taɓa jin irin wanga labari ba.

To ƴan shekarun nan an fara ganin wasu ƙananan na'urori a hannun mutane, masu kuka in iskar ɗaki ta ɓaci, wasu har da lamba suke nunawa. Sai ka ga ta rubuta 30, ko 50, ko 200. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne tambaya guda: wa ya gaya wa na'urar cewa wannan 50 ce? Da wane mudu aka gwada ta? Amsar tana da tarihi mai tsawo, kuma mafi yawansa ba a ƙasarmu ya faru ba, amma ƙarshensa yana zuwa har bakin gadonmu.

Iskar da muke magana a kai masana na kiranta monoksid ɗin karbon, a taƙaice CO. Tana fitowa duk inda gawayi ko itace ko esansi ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hayaƙin da ke sa hawaye wani abu ne daban. Garwashin da ya yi ja, ya daina hayaƙi, yana nan yana fitar da ita. Tun shekarun 1850 wani lokotoron Faransa, Claude Bernard, ya nuna yadda take kisa: tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijen, kuma kamunta ya fi na oksijen ƙarfi sau ɗari biyu da wani abu. Jinin na gudu, huhu na aiki, amma ƙwaƙwalwa ba ta samun rabonta. Shi ya sa mai barci ba ya farkawa ya nemi taimako.

Inda aka fara neman hanyar gane ta da gaske shi ne ramukan haƙar kwal na Birtaniya. A watan Janairu na 1896 wani rami ya fashe a Tylorstown, cikin yankin Wales, mutum 57 suka mutu. Wani masani ɗan Sikotland, John Scott Haldane, ya je ya duba gawarwakin, sai ya tarar mafi yawansu ba wuta ta ƙone su ba, ba dutse ya danne su ba. Iskar da ta biyo bayan fashewar ce ta kashe su suna zaune. Shi wanga Haldane mutum ne mai kasada, har kansa yake shaƙar gubar yana auna jininsa yana rubuta abin da yake ji. Shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙaramar dabba, ɓera ko tsuntsu, saboda numfashinsu na da sauri, guba na kama su kafin ta kama mutum. Daga nan kanari ya samu aiki. Muna nufin kanari tsuntsu mai waƙa da ake sa wa a keji, ba randar ruwa da Faransancinmu ke kira kanari ba. In ya daina kuka ya faɗo daga kan sandarsa, kowa ya nemi hanyar fita. Sai a ƙarshen 1986 aka sallami kanari daga ramukan Birtaniya.

Kanari dai ba ya ba da lamba. Wani tsuntsun ya fi wani juriya, kuma ba za ka je gaban alƙali ka ce masa tsuntsu ya yi layi ba. A 1937 kamfanin Dräger na birnin Lübeck a Jamus ya fito da wani siririn bututun gilashi mai ɗauke da hoda: a zuƙo iska ta ciki, hodar ta sauya launi. Daga baya na'urorin lantarki suka zo. Amma dukkansu, daga bututun har na zamani, suna da rauni guda. Ba su san komai da kansu ba. Sai an hura musu iskar da aka riga aka san yawan gubar da ke cikinta, a ce musu "wannan ita ce 50", sannan su riƙa kwatanta sauran da ita. Ke nan duk gaskiyar na'urar tana rataye ne da wani tulun gaz da ke wani wuri.

A nan ne labarin ya haɗu da wani tsohon labari. Ran 20 ga Mayu 1875, lokacin Sarki Tanimun na kan gadon Damagaram, ƙasashe 17 suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar mita. Suka kafa ofishin awo na duniya, BIPM, a Sèvres kusa da Paris, inda yake har yau. Ingila ma sai 1884 ta shiga. Dabarar lokacin mai sauƙi ce: a ƙera sandar mita guda da dutsen kilo guda da ƙarfe mai tsada, a kulle su, kowace ƙasa ta karɓi kwafi, lokaci lokaci a kawo a gwada da uwar. Dutsen kilon da aka amince da shi a 1889 ya yi shekara 130 yana wannan sarauta, sai ran 20 ga Mayu 2019 aka sauke shi.

Iska kuwa ba ta yarda da wagga dabara. Ba za ka kulle tulun gaz guda a Sèvres ka ce shi ne uwa ba, don duk gwajin da aka yi da shi rage shi ake, kuma ko ba a taɓa shi ba abin da ke ciki na iya sauyawa. Sai a 1971 ma aka shigar da ma'aunin yawan sinadari, wanda ake kira mol, cikin tsarin awo na duniya. Saboda haka kowace babbar ƙasa ta koma tana haɗa nata tulun daga tushe, da sikeli.

Bari mu tsaya nan kaɗan, don aikin ya cancanci a gan shi. Ana auna irin wannan guba da kashi cikin miliyan, ppm. In aka ce 5 ppm, ku ɗauka dala ɗaya ce cikin miliyan guda na sefa. Yanzu a ce ana son haɗa tulu mai 5 ppm. Za a samo tulun alminiyom mai cin lita 10, a zuƙe duk iskar cikinsa, a auna nauyinsa. In za a cika shi da azot, wato iskar da maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa naitirojin, zai ɗauki kilo ɗaya da ƴan kai. Gubar da za a zuba a ciki kuwa wajen miligiram 6 ce, kusan nauyin ƙwayar hatsi guda, a cikin tulun da shi kansa ya kai kilo goma. Ba mai iya auna wannan kai tsaye yadda ake so. To sai a bi ta hawa hawa, kamar mai tsinka fura: a fara haɗa mai kauri wanda sikeli ke iya gani sosai, a ɗebi kaɗan daga ciki a zuba a wani tulun a ƙara azot, a sake ɗiba a sake tsinkawa, kowane mataki ana aunawa ana rubutawa, har a sauko inda ake so.

Kuma ko aunawar ba a yinta haka kawai. Iskar ɗaki na ɗan tallafar tulun kamar yadda ruwa ke tallafar ƙwarya, kuma tallafin na sauyawa da zafi da laima. Don haka ana ajiye wani tulu irinsa sak a gefe, a riƙa auna su bi da bi, bambancinsu kawai ake ɗauka. Tulun da aka cika da ƙarfi yana ɗan kumbura, wannan ma sai an sa shi a lissafi. Sannan ga babbar matsala: azot ɗin da ake tsinkawa da shi, wanda aka saya da sunan tsarkakakke, shi ma yana iya zuwa da ɗan ɓurɓushin CO a ciki. A tulu mai kauri ba komai ba ne, amma a mai 5 ppm yana iya karkatar da lissafi. Tulun baƙin ƙarfe kuma ba a so, don CO in ta matsu tana iya haɗuwa da ƙarfen ta zama wani abu daban, yawanta ya ragu ba wanda ya sani. Duk waɗannan an rubuta su cikin ƙa'idar ISO 6142, wadda ma'aikatun awo ke bi.

To kun ga inda gizo ke saƙa. Kowa na iya bin ƙa'ida da zuciya ɗaya, ya yi kuskure a wuri guda, ya yi shekara goma yana raba wa ƙasarsa mudu mai ƙaranci bai sani ba. Cikin gidansa komai daidai yake, tunda duk na'urorinsa daga tulu guda suka sha. Ba zai gane ba sai ran da ya gwada da na wani.

Abin da ya matsa aka fara gwadawar ba tausayin masu barci ba ne, doka ce da kasuwa. A 1970 Amurka ta yi dokar tsabtar iska da ta tilasta rage gubar da ke fita daga salansar mota, CO na sahun gaba. Turai da Japan suka bi da nasu dokokin. Motar da aka ƙera a wata ƙasa aka auna hayaƙinta can, za a sake aunawa a ƙasar da aka kai ta. In tulun can da na nan sun saɓa, mota ta ci jarrabawa a gida ta faɗi a waje, kuma maganar miliyoyi ce. A 1993 aka kafa kwamitin awon sinadarai na duniya, CCQM, kuma gwaji na farko da aka lasafta a jerin manyan gwaje-gwajensa, mai lamba K1, na iska ne. Kashinsa na farko CO ce cikin azot. Ma'aikatar awo ta Holand ce ta jagoranci aikin cikin shekarun 1990. Ran 14 ga Oktoba 1999 shugabannin ma'aikatun awo na ƙasashe 38 suka sa hannu a Paris cewa za su riƙa karɓar takardun awon juna, amma da sharaɗi: kowa sai ya shiga irin wannan gwaji, kuma a buga sakamakonsa kowa ya gani.

Yadda ake yin gwajin ne ya fi burge mu. Ma'aikata guda ce ke jagora. Ita za ta haɗa tuluna masu kama da juna, ta auna su, ta aika wa kowace ƙasa guda ba tare da ta faɗi ainihin abin da ke ciki ba. Tulun zai tafi Gaithersburg wajen NIST ta Amurka, wani Teddington wajen NPL ta Ingila, wani Paris wajen LNE, wani Saint Petersburg wajen ma'aikatar da ke ɗauke da sunan Mendeleev, wani Daejeon a Koriya ta Kudu, wani Beijin. Tafiyar kanta aiki ce, don kaya ne masu haɗari, kuma duk wanda ya taɓa jiran kaya a duwan ya san wata na iya wucewa. Kowa zai gwada baƙon tulun da nasa na gida, ya rubuto lambar da ya samu, ya kuma faɗi iyakar shakkarsa: na samu kaza, kuma ina iya kuskure da kaza sama ko ƙasa. Sannan a maido tulunan, mai jagora ya sake auna su don a tabbata ba su sauya a hanya ba.

In lambar wata ƙasa ta yi nisa da ta sauran, ƙa'ida ta ce mai jagora ya taɓa ta ya ce ta sake duba lissafinta ko akwai kuskuren rubutu. Amma ba zai gaya mata ta yi sama ko ta yi ƙasa ba, ba zai faɗi da nawa ba. Da zarar an buɗe sakamakon kowa, ba a sauya lamba don a gyara fuska. Ana buga shi da sunan kowace ma'aikata a mujallar Metrologia da rumbun intanet na BIPM, kuma ko ni da kai muna iya shiga mu duba kyauta. Mu kam a ganinmu nan ne ƙarfin abin yake. Babbar ƙasa na iya fitowa a gefe, ƙarama ta fito tsakiya, kuma hoton na nan har abada. Wanda ya yi kurin cewa shakkarsa ƴar mitsitsiya ce sannan ya faɗi waje, ya fi jin kunya a kan wanda ya faɗi gaskiyar iyawarsa tun farko. Da kasuwannin hatsinmu na da irin wannan rana, da za a tara tiyar kowa a cika da hatsi guda a juye a gaban jama'a, da an sha kallo.

Afirka ma ba ƴar kallo ba ce a nan. Gwajin CO mai 5 ppm cikin azot, mai lamba K51, wanda aka buga rahotonsa a 2010, ma'aikatar awo ta Afirka ta Kudu da ke Pretoria, NMISA, ita ta jagorance shi. Wato tulunan da manyan ƙasashe suka gwada kansu da su daga nahiyar nan suka tashi. Afirka ta Kudu da Masar sun shiga yarjejeniyar mita tun shekarun 1960, Kenya da Tunisiya da Maroko suka biyo baya cikin wannan ƙarni.

Akwai wani reshe na labarin da ke nuna dalilin da ya sa ba a gwaji sau ɗaya a kwanta. Masu bin yanayin duniya su ma suna auna CO, amma a sararin sama, inda yawanta kusan kashi ɗaya cikin goma na ppm guda ne a wuri mai tsabta. Ma'aunin da suke bi yana hannun hukumar NOAA a Boulder ta Amurka, a madadin hukumar yanayi ta duniya. Su sai suka gano akasin matsalar baƙin ƙarfe: a tulunan da aka cika da iskar waje, CO na ƙaruwa da kanta sannu sannu. Tulun da ka dogara da shi ya hau, kai kuma ka ɗauka duniya ce ta sauka. Dole aka sake gyara ma'aunin fiye da sau ɗaya, har da gyaran 2004 da na 2014, aka koma aka sake lissafin tsofaffin awo. Ɗaya daga tashoshin wannan tsari tana nan arewa da mu, a kan dutsen Assekrem kusa da Tamanrasset a Aljeriya, hanyar da ƴan uwanmu da yawa suka sani.

Kada a haɗa wannan da maganar doka, don suna da bambanci. Dokar ma'aikata ta Amurka ta yarda da 50 ppm cikin awa takwas na aiki, Tarayyar Turai ta sa nata a 20. Wannan shawarar gwamnatoci ce, suna iya saɓawa. Abin da gwajin ke tsarewa shi ne 20 ɗin ta zama 20 ko'ina. Haka ƙa'idar Turai ta na'urorin gida, EN 50291, ta ce in iska ta kai 50 ppm na'ura ta yi kuka tsakanin minti 60 da 90, in ta kai 100 tsakanin minti 10 da 40, in ta kai 300 kada ta wuce minti 3. Masana'anta ba ta da hanyar tabbatar da haka sai da tulu, tulun kuma kamfanin gaz ya gwada shi da na ma'aikatar awon ƙasarsa, ita kuma ta gwada nata da na sauran ƙasashe. Igiya ce mai ƙulli ƙulli, kuma kowane ƙulli na ƙara ɗan shakka. A sama ana maganar ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Kafin a iso na'urar hannu an ninka haka sau da yawa, kuma ba laifi, don mai gudun mutuwa ba ya buƙatar sanin 300 ce ko 310.

Inda igiyar ke tsinkewa shi ne ƙarshenta, wajenmu. Muna da hukumar ANMC a Yamai mai kula da ƙa'idoji da awo, kuma abin da talaka ya fi sani na awo shi ne sikelin kasuwa da litar esansi. Awon iska mai guba bai shiga hirar mutane ba tukuna, alhali masu haƙar zinariya na sauka rami da injin jan ruwa yana ci a kusa, masu yasar rijiya ma haka, ga masu gyaran mota cikin garejin da ba taga. Na'urar da ke cikin ƴar akwatin nan kuma tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Idonta ɗan ruwan sinadari ne da ke bushewa, kuma zafi da bushewar iska irin namu ba sa taimakonsa. Na gida yawanci shekara biyar zuwa goma ake ba su, na aljihun ma'aikata sau da yawa ƙasa da haka. Maɓallin gwaji da ke jikin mafi yawansu batir da ƙararrawa yake dubawa. Yana iya yin kuka lafiya lau alhali idon ya mutu.

Don haka wanda zai saya ya juya bayanta ya nemi ranar ƙerawa da ranar ƙarewa, ya duba ko an rubuta ƙa'idar da aka gwada ta da ita. Ta gwanjo da ba kwanan wata a jiki, a bar wa mai ita. Masu kamfani da ƴan kwangila da ke raba wa ma'aikata na aljihu, su sani ana sayar da ƙaramin tulun gwaji tare da su, ana hura wa na'urar kafin a sauka rami a ga ko za ta amsa. Shi ma tulun yana zuwa da takarda mai faɗin yawan gubar, da iyakar shakka, da ranar da zai daina aiki, da ma'aikatar awon da aka danganta shi da ita. In mai sayarwa ya kasa nuna wagga takarda, a tambaye shi ina take. Wanda ba shi da na'ura kuwa, kasko ya kwana waje, gurup ya yi nesa da ƙofa da taga. In mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa sarari, a buɗe ɗakin, a kai su likita, kuma a gaya wa lokotoro cewa da garwashi aka kwana.